Yadda Za Ka Sa Motar Lantarki Ta Kwana Tana Shan Wuta a Ka'akiyya

Kai da ka tashi ka sayi motar lantarki a ƙasar da ake haƙo fetur, sannu da ƙarfin hali. Matso kusa, na san abin da ke damunka. Ka jona ta da dare, ka saita mata lokacin shan wuta a wayarka, ka kwanta kana murmushi. Gari ya waye ka tarar da ita yadda ka bar ta, ko kurɓi ɗaya ba ta yi ba. To, kukanka ya ƙare. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari batirinka zai cika fal. Batirin fa na ce. Kai kuma ban san yadda za ka wayi gari ba.

Ba a littafi na karanto ba. An gwada kowane mataki a jikin mutum mai rai, wato Abdulquddus na unguwar Ka'akiyya a Makka, mai raba tasbaha da darduma a shagunan da ke zagaye da Harami. Kuma an gwada ne a makon da wuƙa ke wuyansa. Surukinsa, Alhaji Awwalu, zai sauka Jidda ranar Alhamis da sassafe, zai yi umra. A zuwansa na baya tsohuwar motar Abdulquddus ta mutu a hanya, dattijon ya yini a filin jirgi cikin harami, sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana dukan kafaɗarsa. Tun daga ranar, in zai zo sai ya ce wa 'yarsa Suhaila, "Ki turo mini tasi, kada ki wahalar da mijinki." Wanda ya san maganar manya ya san wannan ba tausayi ba ne. Abdulquddus ya sani, kuma abin yana ci masa rai. Sai ya rantse wannan karon shi zai ɗauko shi, a kan lokaci, a motarsa sabuwa dal wadda ko tari ba ta yi.

Mataki na ɗaya: Saita lokaci, sannan ka yi wa iyali lacca

Ilimin da ba a nuna wa mutane ba asara ne. Kira matarka tsakar gida, ka tsaya kusa da akwatin cajin da aka kafa maka a bango, ka ɗaga waya sama yadda za ta gani. Haka Abdulquddus ya yi.

"Kin ga, Suhaila, da rana ba zai yiwu ba. Ina waje ina yawon shaguna, kuma in aka haɗa ta da mukayyif uku da tanda, wutar gidan nan gaba ɗaya faɗuwa za ta yi. Amma in dare ya raba, gari ya yi sanyi, batir ya huce, sai ta tashi da kanta ta sha. Kafin kiran asuba ta ƙoshi ta tsaya. Mu muna barcinmu."

"Da kanta?"

"Da kanta. Zamani ke nan."

"Allah ya sa ta fi 'ya'yanka jin magana," in ji Suhaila, ta koma kicin.

Da safe za ka ga igiya a jone, koriyar fitila tana ci, komai daram. Batir kuwa yana inda ka bar shi jiya. Kada ka firgita. Duba hagu, duba dama. In ba wanda ya gani, to bai faru ba. Abdulquddus ya lallaɓa da ɗan abin da ya rage zuwa wurin cajin haya da ke bakin babban kanti, ya bi layi cikin rana yana zufa, ya dawo gida yana cewa cunkoso ne ya riƙe shi.

Mataki na biyu: Kada uwarka ta ji

Wannan shi ne ginshiƙin jagoran nan, ka riƙe shi da hannu biyu.

Mahaifiyar Abdulquddus, Inna Rabi'a, tana zaune tare da su, ɗakinta na farko in an shigo. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, sai dai "kai wannan". Ranar da ya shigo da motar ta zagaye ta tana dogara sanda.

"Kai wannan, ban ji shigowarka ba."

"Ai ba ta ƙara, Inna."

"Ba ƙara, ba hayaƙi, ba warin mai. To me take ci?"

"Wuta, Inna."

"Wuta!" Ta riƙe haɓa, ta dubi motar, ta dubi tagar ɗakin jikokinta da ke sama da ita, ba ta ƙara cewa uffan ba.

Ka ga uwar da ta yi irin wannan shiru? In ka je ka ce mata motar ta ƙi shan wuta, ka miƙa mata nasara a faranti. Saboda haka in ta tambaye ka lafiyar mota, ce mata alhamdulillahi, ka sauya zance zuwa farashin dabino. Abdulquddus ya tambayi kowa a Makka game da matsalarsa, har da mai wankin mota, amma ban da ita.

Mataki na uku: Zargi waya, zargi igiya, zargi kamfani

Mai hankali ba ya fara zargi daga cikin gida. Goge manhajar ka sake saukewa. Hura bakin igiyar, ka goge ta da gefen riga. Kira kamfani, za a sa maka kiɗa har ka haddace shi, sannan wata murya mai daɗi ta tambaye ka ko ka gwada kashewa ka kunna. Ce mata ka gwada. Za ta ce ka sake.

Wayar Abdulquddus kullum abu ɗaya take rubuta masa, wai wuta ta yanke. Ƙarya ke nan, a ganinsa, tunda mukayyif ya kwana yana aiki kuma ruwan firji da sanyinsa. Ya ɗauko mai gyaran wuta da azahar. Mutumin ya jona, mota ta kama sha kamar jaririn da aka daɗe da hana nono. Ya buɗe tablon, akwatin makunnan gidan nan, ya taɓa wannan ya taɓa wancan.

"Kullu tamam," in ji shi. "Lafiyarta ƙalau."

"Da dare fa take ƙi."

"To ka kira ni da dare." Ya karɓi ladansa ya kashe waya.

Hikima: duk abin da ya lalace, in ya ga mai gyara sai ya warke. Haƙori ma haka yake yi.

Mataki na huɗu: Zargi matarka

Gajeren mataki ne, amma yana da tsada.

"Suhaila, ko kina zare igiyar nan da dare, ki jona wani abu?"

"Wane abu? Injin markaɗe? Ni da nake faɗuwa kamar an yi mini duka saboda hidimar 'ya'yanka? Ubana zai zo nan da kwana kaɗan, ina fama da gyaran gida, kai kuma abin da ka samo ke nan?"

A daren Abdulquddus a bufiya, ɗan shagon shayi da abinci na bakin titi, ya ci abinci. Kai ma ka tanadi wurin da za ka ci naka.

Mataki na biyar: Tuna wanda bai ce masha Allah ba

In kimiyya ta gaza, komo gida. Zauna ka lissafa duk wanda ya kalli motarka bai yi tubarkalla ba.

Abdulquddus bai sha wuyar nema ba. Maƙwabcinsa Rakan direban tasi ne, Bahaushe haihuwar Makka, wanda Hausarsa ke tafiya da sandar Larabci. Ranar da ya fara ganin motar dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Ya Abdu, wannan sayyara ce ko jawwal, mota ko wayar hannu? In caji ya ƙare a hanya sai ka ce wa fasinja ya ara maka fawa banki?"

Ka ji? Ba masha Allah, ba tabarakallah. Kambun baki ƙiri-ƙiri.

Maganin kowa ya san shi a garin nan: a samo ragowar abin da mai idon ya sha, a ɗauraye, a yayyafa wa abin da ya kama. Abdulquddus ya gayyaci Rakan shayi a bufiya, ya yi ta jan hira yana satar kallon kofin. Da Rakan ya juya amsa waya, ya yi wuf ya cusa kofin a aljihun jallabiya. Suna fitowa shayi ya fara zane a cinyarsa.

"Ya habibi," in ji Rakan, "in kofi kake so ka zo gida in ba ka dozin. Wannan na mai bufiya ne, haram."

Duk da haka ya yayyafa, gaba da baya da tayoyi huɗu. Ramin caji kawai ya tsallake, don hankali bai gudu gaba ɗaya ba. Da safe batir yana nan inda yake. Ranar kuwa Laraba ce, gobe jirgi zai sauka. Ya ji tsoro na gaske, don ya hango fuskar Alhaji Awwalu tana duba agogo.

Mataki na shida: Zauna ka karya kumallo da Inna

Ba don ka tambaye ta komai ba, a'a, mataki na biyu yana nan. Zauna dai ka ci ful da tamis, wato wake da gurasa, ka yi fuskar mutumin da duniya ta yi wa daɗi.

Abdulquddus ya kai loma baki ke nan Inna ta ajiye kofin kununta.

"Kai wannan, ina da magana. Ka girma, ka ajiye iyali, amma har yau sai an bi bayanka ana gyara."

"Me na yi, Inna?"

"Kullum sai ka jona motar nan ka shige ɗaki ka bar wuta a kunne. Ni da ciwon gwiwa, in na idar da wutiri sai na jawo kujera na taka, in sauke maka makunninta a akwatin can. Ranar da aka saka ina kallo, na ga wanda mai gyara ya ƙara. Da asuba in na tashi alwala in mayar maka, don kada ka ce an taɓa maka kaya. Ban taɓa yi maka gori ba. Amma jiya saura ƙiris in faɗo, shi ya sa na ce bari in yi magana. Ka riƙa kashe abinka da kanka."

Ya mayar da lomar faranti. Suhaila ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa, ta tashi ta ce wai ta bar wani abu a wuta.

Abin da ake so ka faɗa a nan shi ne abin da Abdulquddus ya faɗa, don ba wani: "Sannu, Inna. Allah ya saka da alheri."

Mataki na bakwai: Yi mata bayanin kimiyya

Gyara zama, ka sassauta murya, ka fara daga nesa.

"Inna, ai wannan ba irin waccan wutar ba ce."

"Wuta iri nawa ce?"

"Wannan tana da na'ura a ciki. In ta ji zafi da kanta take tsayawa."

"In na'urar ce ta fara jin zafin fa?"

Kada ka amsa wannan.

"Mu dai abin da aka koya mana," in ji Inna, "in za a kwanta a rufe ƙofa, a rufe ƙwarya, a kashe wuta. Ba a ce ban da ta mota ba." Ta juya kofin a hannunta. "Muna Hindawiyya, a gidan haya, wayar wuta ce ta kama a ɗakin maƙwabta, kowa na barci. Kai kana goye, ba ka san an yi ba. Da ƙafa ba takalmi na fita da kai, ina jin zafin a bayana ina addu'a ya tsaya a kaina kada ya kai gare ka. Yanzu kuma ka kawo abin da ke cin wuta ka ajiye ƙarƙashin tagar yaran nan, ka ce in yi barci? Tun da motar nan ta shigo ban yi barcin kirki ba."

Duk laccar da ya tanada ta gudu. Kunya ta kama shi, da tausayi, har ya kasa ɗaga ido. Mako guda yana zargin kamfani da igiya da idon Rakan, bai taɓa lura idon uwarsa ya faɗa ba.

"Inna, gobe zan ɗauko baban Suhaila. In ba ta sha yau ba, ba za ta kai Jidda ta dawo ba."

"To a sa mata mai ido biyu. Wutar da ake kallo ba ta kwana ba. In da mutum a kanta, ba ruwana."

Mataki na takwas: Shimfiɗa tabarma

Na san za ka ce akwai wurin cajin haya. Abdulquddus ma ya je da yamma, ya tarar an manna masa takarda, ya lalace. Na san za ka ce a jona da magariba. Suhaila ta kunna tanda tun la'asar tana gasa wa ubanta kaji, kuma bayan mataki na huɗu ba kai ne za ka ce ta kashe ba.

Saboda haka ɗauko tabarma da filas na shayi, ka zauna kusa da motar da ka saya don ta yi aiki kana barci.

Da lokacin ya yi, akwatin ya yi ƙas, fitila ta koma shuɗiya, mota ta kama sha a hankali. Abdulquddus ya kalle ta kamar ya yi kuka. Ashe baiwar Allah ba ta taɓa saɓa alkawari ba.

Tagar Inna ta buɗe. "Kana nan?"

"Ina nan, Inna."

An jima ta sake buɗewa. "Kana nan?"

"Ina nan."

Daga nan bai sake jin tagar ba, sai minshari mai nauyi, irin na wanda ya daɗe yana bin barci bashi.

To, ga inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Inna ta yi barci, mota tana sha, ba mai ganinka. Naɗe tabarma ka sulale ɗaki, ka saita waya ta tashe ka kafin Inna ta tashi alwala. Shawarata ke nan, kuma ita ce daidai.

Abdulquddus ya naɗe tabarmar, ya kai har bakin ƙofa, hannunsa a kan mariƙi. Sai ya tsaya yana jin minsharin nan. Barcin da take yi, a kan "ina nan" ɗinsa take yin sa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya koma ya sake shimfiɗawa, ya zuba shayin da ya huce, ya zauna yana hira da magen maƙwabta har aka kira salla. A nan ya saɓa wa jagorana, kuma ina so a shaida ba da yawuna ba.

Mataki na tara: Miƙa makulli

Batir ya cika fal. Na cika alkawarina, ka shaida.

Sai dai direba ya zama fanko. Bayan sallar asuba Abdulquddus ya shiga mota ido jajur, ya sa giyar baya, saura kaɗan ya tafi da ƙyauren gida. Suhaila, wadda za ta bi shi taryen mahaifinta, ta buɗe ƙofa ta fito.

"Wallahi ba za ka kashe ni a titin Jidda ubana yana jira ba." Ta buga wa matar Rakan waya.

Rakan ya zo yana hamma da murmushi. "Yalla, ya Abdu, kawo jawwal ɗin in tuƙa."

Abdulquddus ya koma kujerar gefe, ransa a ɓace. Ya ce da sharaɗi: in an kusa filin jirgi za su sauya wuri, don suruki ya same shi a kan sitiyari. Rakan ya ce kalas, an gama. Ba su fita daga Makka ba kansa ya jingina da gilashi. A ƙofar filin jirgi Rakan ya girgiza shi, ya kira sunansa, ya ja masa kunne. Ko gezau.

Sun isa kafin jirgi ya sauka. Suhaila ta shiga ta fito da mahaifinta, dogon dattijo cikin fararen mayafan harami, yana ɗaga murya da Labbaika kamar yadda ake so namiji ya yi. Ya iso bakin mota ya leƙa. Ga direban tasi a kan sitiyari, ga surukinsa a gefe, baki buɗe.

"Ashe dai an samu direba," in ji Alhaji Awwalu.

Mai harami ba ya faɗa, sai dai ya ajiye maganarsa sai ya yi aski. Suhaila ta san haka, don haka ba ta jira ba. A tsaye a bakin mota ta ba shi labarin duka, da makunnin, da kujerar Inna, da gobarar Hindawiyya, da tabarmar. Ta ce ta leƙa ta taga wajen asuba ta ga mijinta zaune yana marin kumatunsa don kada ya gyangyaɗa.

Rakan ya miƙa hannu zai sake girgiza mai barci.

"Bari in tashe shi ya koma baya, ya ammi, ka zauna gaba."

"Kul," in ji Alhaji Awwalu. "Mutumin da ya kwana a zaune don uwarsa ta yi barci, ba shi zai tashi ya ba ni wuri ba."

Ya buɗe ƙofar baya da kansa, ya tattara mayafinsa ya shiga, ya ja ƙofar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba. Rakan, wanda ya ba ni wannan labari, ya rantse mini cewa tun daga Jidda har suka shigo Makka dattijon bai daina Labbaika ba, amma da raɗa ya yi ta.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In batirinka ya cika, aikin matakan nan ne, ka yaɗa. In matarka ta daina yi maka magana, ko mai bufiya ya biyo ka neman kofinsa, ko ka zama maigadin motarka dare biyu a mako kamar yadda Abdulquddus ya zama har yau, wannan tsakaninka ne da iyalinka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kada a kawo mini ƙara gida, kada a bugo mini waya da dare. Ni tsohuwar motar fetur gare ni, kuma da an yi isha'i nake kwanciya.